Idon Baba Ari da Bakina

Ku 'ya'yana, tun kuna ƙanana kuke jin mutane na cewa ubanku ne ya fara goge mota da inji a Damagaram, kuma maigidana Baba Ari ya bar sana'a ne don idonsa ya gaza. Maganar farko akwai gishiri a cikinta, amma ba ta cuci kowa ba. Ta biyun ce nake so in gyara tun ina da sauran numfashi, domin ni na ƙera ta da bakina, na kuma bar ta tana yawo a gari har ta tsufa ta zama gaskiya.

Baba Ari Babarbare ne, asalinsa mutumin Gidimuni, dogo, siriri, mai tsage a fuska. Garajinsa na bakin unguwar Kara-Kara, rumfar kwano ce da bishiyar dogon yaro guda. Bayan rasuwar mahaifina, mahaifiyata Ya Gana ta kai ni wurinsa, a hannunsa na girma, shi ya tsaya mini a aurena da uwarku Falmata. Fentin mota ne aikinsa, kuma duk garin ba wanda ke riƙe fistolen fesa kamarsa. In ya gama fesa launi, sai ya bi da barni, wato ruwan nan marar launi da ke rufe fenti ya ba shi ƙyalli. In ya bushe, mu zauna da tsumma mu yi ta goge shi da hannu, kwana biyu, kwana uku, har kafaɗa ta ƙage. Bai cika magana ba. In aiki ya yi, sai ya shafa shi da bayan hannu ya ce, “To.” Mun sha yin wata guda muna jiran wannan “to” ɗin.

Ina da 'ya'ya uku na tafi Libiya neman abin rufin asiri. Na yi shekara biyu a wani babban garaji, a can na ga ana goge mota da inji. In faɗa muku gaskiya, rabin aikin na koya, domin mai injin ba ya barin kowa ya taɓa motar kirki, sai tsofaffin ƙofofi da aka jefar. Amma na dawo gida da injina a jaka, da faifan ulu da na soso, da man goge iri biyu. Na farko mai kaushi ne, in ka murza shi a yatsa za ka ji kamar yashi mai laushi, shi ke cin saman barni ya kwashe ƙarzane da dusashewar rana. Na biyu mai santsi ne kamar man shanu, shi ake bi da shi a ƙarshe don ya share zanen da na farko ya bari, ƙyalli ya fito. Aikin da muke yi kwana uku, injin nan sai ya gama shi tsakanin hantsi da la'asar.

Na zaci Baba Ari zai ƙi abin, kamar yadda tsofaffi kan ƙi sabon abu. Bai ƙi ba. Ranar da na gwada a gabansa a kan wata farar mota, ya tsaya har na gama, ya ɗora bayan hannunsa a wurin.

“Ya yi kyau, Kalla. Amma ya ɗau zafi. Ƙarzanen da ke nan ina ya tafi? Cike shi aka yi?”

“A'a, Baba. Barnin da ke kewaye da shi ake ci har su daidaita.”

“To, ka riƙe wannan. Abin da aka ci ba ya dawowa. Kuma a kan gaɓa da baki-baki barni ba ya zama da kauri, ko wa ya fesa shi. Ka riƙa sa musu sikoci, tef ɗin mannewa, ka rufe, ka bar mini su in bi da hannu.”

Na ce to, amma a raina ina cewa tsoho na koya wa ɗan kada iyo. Sunana ya fara fita. Masu motoci suka riƙa zuwa, wasu ma ba su da mota, kallo kawai ke kawo su. Su zauna a benci ƙarƙashin dogon yaro suna kallon yadda fenti da ya mutu ke tashi, har mutum ya ga haƙoransa a jikin ƙofa. Ina jin daɗin kallon nan fiye da yadda ya kamata. Na fara sa tabarau baƙi lokacin aiki. Uwarku tana nan, ku tambaye ta.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, garaji ba kowa, Baba Ari ya kira ni cikin rumfa. Ya buɗe gwangwanaye biyu na shuɗin fenti ya ajiye a gabana.

“Wanne ya fi duhu?”

Na yi dariya, don bambancinsu ko daga nesa a bayyane yake. Da na ga bai yi dariya ba, sai na nuna masa na hagu. Ya mayar da murafen gwangwanayen ya rufe.

“Yanar ido ce ta fito mini. Likita ya ce abin gyaruwa ne, bayan damina za su yi mini aiki. Hannuna bai manta komai ba, launi ne kaɗai ke ruɗa ni. Kai za ka riƙa haɗa mini, ni in fesa. Kalla, ko matata ba ta sani ba. Ka san garin nan. In aka ce mai fenti ba ya gani, an gama da shi.”

Na rantse masa cewa maganar ta mutu a nan. Wata huɗu muna haka, ni ina haɗa launi, shi yana fesawa, kuma Allah shaida ne, fesawarsa ba ta ragu da ƙwayar zarra ba. Yana jin nisan fistole da jikin mota a wuyan hannunsa, yana gane kaurin barni daga sautin fitarsa.

Ana tsakiyar bazara Alhaji Lawali ya kawo baƙar motarsa. Alhaji Lawali ɗan kasuwa ne mai kamiyoyi da yawa, wato manyan motocin ɗaukar kaya, rabin aikin garajinmu nasa ne, kuma inda ya kai mota can abokansa ke kaiwa. Ɗansa ne zai yi aure, yana so a sabunta motar ta fito kamar yau aka sauke ta. Baƙin fenti shi ya fi kowane wuyar sha'ani, ba ya ɓoye laifi ko kaɗan. Baba Ari ya fesa ta, ta fito sumul. Ya ce mini a bar barnin ya ƙara kwana biyu ya yi ƙarfi, in zan goge in shigar da ita inuwa, in kuma rufe gaɓoɓin kapo, wato murfin injin, kamar yadda ya saba faɗa. Washegari aka yi rasuwa a unguwar Birni, ya tafi jana'iza tun da safe.

Ranar wuta ta ɗauke tun asuba, ba ta dawo ba sai da rana ta take. Shofer ɗin Alhaji, wato direbansa, ya zo sau biyu yana cewa maigida na son motarsa yau. Ina iya cewa a'a. Kalma ɗaya ce. Amma benci ya cika da abokan ango, sun zo musamman don su ga inji a kan baƙar mota. Wata mota ta tare inuwar rumfa, na ji ƙyuyar a tura ta. Sikocin rufe gaɓa ya ƙare, na ji ƙyuyar aikawa kanti. Motar tana cikin rana, kwanonta ya yi zafin da in ka yarfa masa ruwa sai ya yi cuwi. Na ɗaura faifan ulu, na shafa mai kaushin nan, na ƙara wa inji gudu. Tsakiyar kapo ta fito kamar madubi, samari suka yi tafi. Wani ya tambaye ni yadda ake yi a Libiya, na waiwaya ina ba shi amsa, hannuna ya karkata, bakin faifan ya zauna a kan gaɓar da ke saman fitilar dama. Bai fi numfashi biyu ba. Warin ne ya fara gaya mini, wani wari kamar na roba a wuta. Da na ɗaga injin, faifan da ke fari ya yi baƙi, a kan gaɓar kuwa ga wani tabo toka-toka mai tsawon yatsa, barni ya tafi, fenti ya tafi, sai shimfiɗar ƙasa da ake yi kafin fenti tana kallona. Wannan ba ya goguwa. Sai an sake fesa kapon gaba ɗaya, ɗaurin aure kuwa jibi ne.

Na jefa tsumma a kan wurin, amma shofer ya riga ya gani. Kafin la'asar Alhaji ya iso da kansa. Mutum ne marar hayaniya, abin da ya sa ake tsoronsa ke nan. Ya ɗaga tsumman, ya duba, ya dube ni.

“Kalla, mene ne wannan?”

Ku ji da kyau, don nan ne wurin. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya zare mini ido. Da na ce, “Alhaji, hannuna ne ya kuskure,” da ya yi faɗa, da samari sun yi mini dariya mako guda, shi ke nan. Dariyar ce na kasa ɗauka. Na ji bakina yana cewa:

“Alhaji, inji ba ya ƙona fentin da aka fesa daidai. Barnin wurin nan ne bai samu ba. Ka san Baba ya manyanta.”

“Baba Ari? Shekara nawa yana mini fenti, bai taɓa yin haka ba.”

Da na tsaya a nan, da ƙarya ce kawai, irin wadda ake wankewa. Amma na ga bai yarda ba, sai na rage murya, kamar mai jin tausayi, na ce:

“Idonsa ne, Alhaji. Yanar ido ce. Wata huɗu ke nan ni nake haɗa masa launi. Rufa masa asiri nake yi.”

Na rage murya, amma ban rage ta yadda benci ba zai ji ba. Na sani a lokacin. Ina rufe baki sai ga Baba Ari ya shigo da rigarsa ta jana'iza, carbi a hannu. Ya gaisa da Alhaji, aka nuna masa tabon. Bai sunkuya ya duba ba, yatsunsa ya ɗora, ya bi gaɓar a hankali daga sama har ƙasa, ya dawo. Ya juyo wajen da nake. Ni kuwa ina ta naɗe igiyar inji kamar ita ce aikin duniya.

“Baba Ari,” in ji Alhaji, “gaskiya ne abin da na ji game da idonka?”

Ya ɗauke hannunsa daga kapon.

“Gaskiya ne, Alhaji, akwai hazo. Ka bar motar, jibi da safe za ka same ta.”

Shi ya kankare kapon, shi ya sake fesawa, shi ya goge da tsumma, bai ce in taya shi ba, ni kuma ban iya matsowa ba. Motar ta je ɗaurin aure tana walƙiya. Amma magana ta riga ta kai tasha. Cikin mako biyu, mutanen da suka shekara ashirin suna yaba aikinsa suka fara ganin laifi inda babu. Wannan ya ce jan bai yi daidai ba, wancan ya ce akwai gudun fenti a ƙofa. Mai mota ya shigo, ya gai da Baba Ari da ladabi, sannan ya ja ni gefe ya ce, “Don Allah kai za ka yi mini da hannunka.” Yana zaune a kan kujerarsa yana ji. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. In na gaishe shi ya amsa, in na tambaye shi abu ya faɗa mini. Abu ɗaya ya canja: ya daina taɓa aikina da bayan hannu.

A gida kuwa ba a bar ni na huta ba. Daren ranar da abin ya faru ban ci tuwo ba, kuma Falmata ta ga faifan ulun da na ɓoye a jaka na kawo gida don in wanke. Bayan 'yan kwanaki maganar idon ta shigo gidanmu daga bakin maƙwabta. Tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba, ta ce:

“Baban Aisa, ba kai ne ka zauna a nan kana gaya mana cewa injin nan in ka tsaya da shi wuri ɗaya ko fentin Turai sai ya ƙone ba?”

“Me mace ta sani a aikin garaji?”

“Ban san komai ba. Abin da ka faɗa na maimaita.”

Ya Gana tana zaune a bakin ɗakinta tana jinmu. Ita ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari.

“Kai wannan, zo nan. Maganar idon Ari, bayan kai wa ya sani?”

Na ce ban sani ba, wataƙila likita, wataƙila mutane sun lura. Ta dube ni irin kallon da take mini ina yaro in na dawo da ƙwai a aljihu.

“Ni na kama hannunka na kai ka wurin mutumin nan, ba ka da ko takalmi. Bai tambaye ni komai ba.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma na saba kowace yamma in sayo mata tsire, tana sonsa ƙwarai. Daga ranar, in na ajiye mata, sai ta kira ku ta raba muku. Kuna murna kuna cewa kaka ta ƙoshi. Har ta koma ga Allah ba ta sake cin naman da na sayo ba.

Ruwan farko na sauka, Baba Ari ya kira ni, ya miƙo mini makullin rumfa da fistolensa a nannaɗe cikin tsumma. Ya ce zai koma Gidimuni, akwai garkar mahaifinsa, wato lambu, a bakin tafki ba mai kula da ita. Na ce, “Baba, da ka tsaya.” Na faɗa da murya irin ta wanda ke fatan kada a saurare shi. Ya ce a riƙa wanke fistolen da zarar an gama, kada fenti ya kwana a ciki. Ya hau motar haya ya tafi. Garaji ya zama nawa, aiki ya ninka, a shekarar na daɓe tsakar gida da siminti.

Sai bayan kaka na iya zuwa, shi ma don Falmata ta ce in ban je ba ita za ta je. Na same shi a garka, tsakanin rake da dabino, yana gyara hanyar ruwa da fartanya. An yi masa aikin idon, kuma ya yi kyau. Tun daga nesa ya gane ni, har ya ce rigata ta yi mini yawa, na rame. Wato abin da na kashe masa sana'a a kai, cikin 'yan watanni ya warke. Ya sare mini rake, muka zauna a kan kunya. Na kasa sha. Na durƙusa na faɗa masa komai, rana, sikoci, waiwaye, duk.

“Na sani,” in ji shi. “Barnin da bai samu ba, in ya tafi, bakinsa lafiya lau yake. Wanda inji ya ƙona, bakinsa na tattarewa kamar fatar da ta ƙone. Yatsana ya gaya mini tun a ranar.”

“To, Baba, me ya hana ka faɗa?”

“In ce me? Alhaji bai tambaye ni wa ya ƙona mota ba. Idona ya tambaya. In yi masa ƙarya?”

Na roƙe shi gafara ina kuka, ni da 'ya'ya huɗu a lokacin. Ya bar ni na gama.

“Ƙunar mota ba komai ba ce, Kalla. Ni ma na ɓata motoci ina saurayi. Ƙaryar da ka yi mini ma na yafe, tsoro ne, kowa na jinsa. Amma maganar da na ba ka ajiya ranar Juma'a, ita ce nake ta juyawa, ba ta kwanta ba tukuna. Ba zan ce maka na yafe da baki alhali ciki bai yafe ba. Ka yi mini abu ɗaya. Ka je ka gaya wa Alhaji Lawali. Ba don in dawo ba, na gama da fenti. Ina so mutum ɗaya a Damagaram ya san ban fesa aikin banza ba.”

Na yi masa alkawari. Ya cika mini buhu da rake ya ce in kai wa yara.

Sau uku ina zuwa ƙofar gidan Alhaji. Na farko na tarar da baƙi a zaure, na ce ba lokacinsa ba ne. Na biyu na same shi shi kaɗai, muka gaisa, kafin in buɗe baki ya ce yana da sababbin kamiyoyi biyu da yake so in yi wa fenti, sai na ce to, na gode, na tashi. Na uku ban ma shiga ba, na tsaya a bakin titi na juya. Kullum ina ce wa kaina bayan salla, bayan damina, in aiki ya yi sauƙi. Ban sake zuwa Gidimuni yana raye ba, don ban san abin da zan ce in ya tambaye ni ba. Yanzu Alhaji ma ya daɗe da rasuwa, waɗanda suka zauna a bencin nan sun watse, ba wanda ya rage da zan gaya wa sai ku. Ku kai wa jikokin Baba Ari takardar nan da na rubuta muku, ku karanta musu da bakinku, kada ku tsallake komai.

Shekara biyu bayan zuwana garka aka aiko cewa ya rasu, zazzaɓin kwana uku. Muka tafi ta'aziyya da mutanen garaji, Alhaji Lawali ma ya je. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zaunar da ni a gaba kusa da Alhaji, a matsayin babban almajirin mamaci, mutane na zuwa suna ba ni hannu suna yi mini gaisuwa kamar ɗan cikinsa. Da aka shafa fatiha, Alhaji ya juyo gare ni, idonsa da ƙwalla, ya yi magana yadda kowa zai ji.

“Allah ya ji ƙan Ari. Ba a yi mai fenti kamarsa ba. Ba don idonsa ya ci amanarsa a ƙarshe ba, da har yau shi ke mini aiki. Kai ma ka yi ƙoƙari, Kalla, ka rufa masa asiri iyakar iyawarka.”

Dattawan Gidimuni suka gyaɗa kai, wani ya ce Allah ya yi mini albarka. Kowa ya dube ni yana jiran abin da zan ce. Ga Alhaji, ga jama'a, ga ƙasar kabarin ba ta ko bushe ba.

Na ce, “Haka ne, Alhaji.”